Kiɗan Na'ura na Bayan Fage: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Kaduna da Amsoshinsu

Sana'ata haɗa kiɗa ce a wani ɗan sitidiyo a Tudun Wada. Da rana ina buga wa masu waƙar biki fiyano, da masu yabon 'yan siyasa idan kakarsu ta kama, da masu tallan magani a rediyo. Da wannan nake ci. Idan dare ya raba, kowa ya watse, sai in koma kan wani kiɗa dabam wanda da ƙyar ake ba ni ko sisi a kansa. Waɗanda suka taɓa leƙowa suka ji, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, har na haddace su. Ga su nan, tare da amsar da nakan bayar idan ba na cikin sauri.

Wai wannan kiɗa ne, ko sifikarka ce ta lalace?

Sifika lafiyarta ƙalau. Kiɗa ne da ake haɗawa da na'ura, kwamfuta ko waya ko tsohuwar rikoda, sai dai ba ya bin hanyar da kunnenmu ya saba. Mu mun san kiɗa da ɗauka da amshi, da ganga mai tafiya yadda ƙafa za ta bi, da mawaƙi a gaba yana faɗin abin da ke tafe da shi. Wannan kuwa yana iya farawa da gunji ɗaya tak, ya yi minti huɗu bai motsa ba, sannan can ƙasa ka ji kamar ana jan sarƙa a kan siminti, sai wata ganga ta ɓullo daga nesa kamar ana biki a ƙauyen tsallaken rafi. Mai yin sa gwaji yake yi, sau da yawa shi kansa bai san inda abin zai kai shi ba sai ya isa.

A wurinmu duk abin da ke ƙara kayan kiɗa ne. Injin markaɗe, ruwan sama a kan kwano, ƙofar da ke neman mai, jirgin ƙasa idan ya doshi Rigasa.

Me ya sa kuke ce masa na bayan fage?

Don ba a jin sa a rediyo, ba a kunna shi a gidan biki, masu tura waƙa a waya a kasuwa ma ba su da shi. Hannu da hannu yake yawo tsakanin 'yan tsirarun da ke so.

Na ji ana cewa ambiyen, ana cewa indastiriyal. Mene ne bambancinsu?

Ambiyen shi nake kira kiɗan yanayi. Wanda ya raɗa masa sunan wani Bature ne ɗan Ingila, Brian Eno. A 1975 mota ta buge shi, yana kwance yana jinya aka kunna masa faifan kiɗa, ƙarar ta yi ƙasa ainun, ga ruwan sama yana sauka a waje, shi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya ƙara. Haka ya kwanta yana jin kiɗan da ruwan sun cuɗanya, ya ga ashe wannan ma wata hanya ce ta saurare. A 1978 ya fitar da faifan da ya yi don filayen jirgin sama, daga nan sunan ya bi duniya. Irin wannan kiɗa ba ya jan rigarka. Yana cika ɗaki kamar turaren wuta, in ka kula da shi ka ji daɗi, in ka shagala da wani abu ba zai hana ka ba.

Indastiriyal kuwa kiɗan masana'anta ne, kiɗan ƙarafa, shi kam sai ya ja rigarka ya yaga. Sunan ya fito daga wani ɗan kamfanin faifai, Industrial Records, da wata ƙungiya mai suna Throbbing Gristle ta kafa a Landan a 1976. A lokacin masana'antun Ingila suna durƙushewa, matasa ba aiki, garuruwa sun yi baƙi da hayaƙi. Wasu samari a Shefil, garin ƙera ƙarfe, suka kama irin wannan hanya da rikoda da kaset. A Balin ta Yamma kuma, a 1980, aka kafa ƙungiyar Einstürzende Neubauten, waɗanda ke hawa dandali da tarkacen ƙarfe da injin huda bango, su yi ta duka.

Haɗa biyun shi ne abin da mafi yawanmu ke yi yanzu: shimfiɗa mai sanyi a ƙasa, ƙarfe mai tsatsa a sama, ganga a tsakani.

Ashe dai abin Turawa ne kuka kwaikwayo?

Wannan tambayar tana min daɗi, don amsarta tana Alƙahira. A 1944 wani ɗalibi Bamisire, Halim El-Dabh, ya ari na'urar ɗaukar sauti daga wani gidan rediyo, irin ta da mai naɗa a kan zaren ƙarfe, ya je wurin taron zar, wanda ɗan'uwan borinmu ne, ya ɗauki muryoyin matan da ke waƙa. Ya koma sitidiyo ya yi ta sarrafa su da amsa-kuwwa yana tace su, har muryoyin suka koma wani abu kamar iska mai kuka. Wannan na cikin ayyukan farko-farko a duniya na irin wannan kiɗa. Sai bayan shekara huɗu, a 1948, Pierre Schaeffer ya yi nasa a gidan rediyon Faransa da ƙarar jiragen ƙasa, amma sunansa aka fi sani a makarantun kiɗa.

Gaskiya ne tun 1913 wani Ba'italiye, Luigi Russolo, ya rubuta cewa ya kamata ƙarar injina ta shiga kiɗa, har ya ƙera akwatuna masu ruri da ƙugi. Amma kafin a haifi kakansa matan Hausa suna lugude a bakin turmi, su wurga taɓarya sama su tafa su cafe, aiki yana tafiya kiɗa yana fita. Maƙeranmu suna da dundufa, mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma. Ba mu jira kowa ya gaya mana cewa sana'a tana da kiɗa ba.

Ko a batun na'urar ma maƙwabtanmu sun daɗe a ciki. Mamman Sani na Yamai ya naɗi kaset da fiyanon lantarki tun 1978, William Onyeabor kuma yana can Inugu da nasa na'urorin a kusan wannan lokaci.

Me ya haɗa Kaduna da kiɗan masana'anta?

Je ka Kakuri ka tsaya ka duba. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna. Wasu masaƙun suka biyo baya, ciki har da Arewa Textiles da UNTL, sai kamfanin haɗa motocin Fijo ya fara aiki a 1975, matatar mai ta zo a 1980. A lokacin, garin nan jiniya ce ke tashinsa. Daga baya wuta ta yi wuya, baƙin man da ake kunna tukwanen masaƙa da shi ya yi tsada, atamfar waje mai araha ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Abin da ya sa samarin Shefil suka kama dukan ƙarfe, da wanda ya sa baƙaƙen fatar Ditirot ta Amurka suka ƙirƙiro kiɗan tekno lokacin da kamfanonin mota ke sallamar iyayensu, shi ne ya same mu a nan, har da ƙari.

Mahaifina ya yi shekaru a ɗaya daga cikin masaƙun nan, a sashen saƙa. Ya ce idan injina ɗaruruwa suka tashi lokaci guda ba ka jin maganar na kusa da kai, da hannu da laɓɓa ake zance. Har ya tsufa, idan yana zaune yana tunani, za ka ga yatsunsa biyu suna buga gwiwarsa, taf-tafaf, taf-tafaf, bai ma san yana yi ba. Ban taɓa jin waɗannan injinan da kunnena ba. Daga gwiwar Baba na ɗauki tafiyar, kuma a kanta na gina aikina na farko.

Masaƙu sun yi shiru, amma Tsohuwar Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere, ba ta yi ba. Wata safiya na je can da wayata, na tarar da wani dattijo mai ƙera murhun gawayi da akwatin ƙarfe. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, sannu da aiki. Izini nake nema, ina so in ɗauki ƙarar gudumarku a waya."

Ya ajiye guduma ya ƙare min kallo. "Ɗan nan, ƙarar kake so, ba murhun ba?"

Na ce ƙarar.

"To ɗiba, ai ba ta ƙarewa."

Na yi wajen minti arba'in a rumfarsa. Bayan mako biyu na koma da abin da na haɗa, na rage gudun sautin, na sa masa amsa-kuwwa, ni a ganina ko uwar da ta haifi guduma ba za ta gane ta ba. Na sa masa iyafis. Ya rufe ido ya saurara jim kaɗan, sai ya cire ɗaya ya nuna yaronsa da haɓa. "Wannan ba hannuna ba ne, na wancan ne. Shi ne ke bugu uku a jere kamar ana korarsa. Ni biyu nake yi in huta." Da na koma na duba ainihin abin da na ɗauka, haka ne. Wayar ta fi kusa da yaron.

To shi kuma tirayibal fa? Na ji an ce kiɗan ƙabila ne.

Sunan nan ba na son sa, ina amfani da shi ne kawai don shi ake rubutawa a intanet idan ana neman irin kiɗan. A bakin masu shi, ma'anarsa duk wata ganga da ba ta Turai ba, a haɗa ta da sarewa da kukan tsuntsu a ce ga kiɗan daji. Wani mai busa ɗan Amurka, Jon Hassell, ya buɗe wannan ƙofa wajen 1980 da abin da ya kira kiɗan duniya ta huɗu, wato kiɗan wata ƙasa da babu ita a taswira. Wani kuma a Manchesta, Bryn Jones, da ake kira Muslimgauze, ya fitar da faifai masu ɗimbin yawa cike da gangunan Larabawa har ya rasu a 1999, alhali bai taɓa taka Gabas ta Tsakiya ba. Wasu ayyukan nasu suna da daɗin ji, ba na musu. Amma su daga nesa suke hange, mu kuwa a cikin gidan muke.

A wurinmu babu wata aba wai ita gangar ƙabila. Akwai kalangu, akwai kotso, akwai jauje da taushi, akwai tambari da ba a buga wa kowa sai sarki. Akwai kiɗan ƙwarya na mata, akwai shantu, akwai kuge. In ka gangara kudancin jihar, Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro masu bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, kowa da gangunansa da ƙahonninsa da sunayensu, haka Gbagyi da garin nan ya tarar a wurin.

Abu mafi girma kuma, gangarmu magana take yi. Bature ya ji kalangu, tsalle-tsallen sauti kawai ya ji. Bahaushe ya ji, take ya ji, ya san wa ake kira, ya san kirarin da ake yi masa. In ka yanko taken wani basarake ka juya shi baibai ka ɗora a kan ƙarar janareto, mutumin Balin zai ce ka burge, dattijon unguwarku kuwa zai tambaya wa kake zagi. Shi ya sa idan zan yi aiki da makaɗi, nakan roƙe shi ya buga min abin da ba taken kowa ba ne, ko kuma ya gaya min abin da gangar ke cewa kafin in sa mata almakashi.

Kuma a biya shi. A kira shi sitidiyo, a gaya masa gaskiyar abin da za a yi da hannunsa, a sa sunansa a jikin aikin. Kwasar kiɗa daga kaset ɗin Shata ko Ɗan Maraya ko Barmani Choge ba tare da izinin magadansu ba, sata ce, ko da an rufe ta da amsa-kuwwa bakwai. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, amma ko babu doka akwai kunya.

Wani ya ce kiɗan bori ne, yana tara aljanu. Gaskiya ne?

Da yana tara su da sun taya ni biyan kuɗin haya. Abin da ke sa mutane faɗin haka shi ne maimaici. Duk sautin da aka yi ta nanatawa ba canji yakan ɗauke hankali, mutum ya ji kamar ya yi nisa alhali yana zaune. Mai tuƙin dare a hanyar Zariya ya san wannan, ƙugin taya kaɗai ya isa ya lula da shi. Masu garaya da goge na bori su ma sun san sirrin, amma su da niyya suke yi da waƙoƙin kira sanannu. Ni ba na zuwa wurinsu ɗaukar sauti, ba kuma na sa waƙoƙinsu a aikina.

A addinance fa?

Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, wannan kuma bai fita daga cikinsa don kawai babu mawaƙi ba. Kowa ya tambayi malaminsa. Iyakar da na shata wa kaina ita ce: karatun Alƙur'ani, kiran salla, wa'azi, da addu'ar coci ba sa shiga aikina. In ina ɗaukar sautin kasuwa aka kira salla, nakan tsayar. Shi kansa Brian Eno ya taɓa yin wannan kuskure. A faifan da suka fitar shi da mawaƙi David Byrne a 1981 sun ɗora karatun Alƙur'ani a kan kiɗa, wata majalisar Musulmin Birtaniya ta nuna rashin yarda, aka cire shi daga bugun da ya biyo baya. A gari irin Kaduna, mai hankali ba ya buƙatar a kawo masa misali daga Landan.

Babu waƙa ke nan sam?

Galibi babu. Idan murya ta shigo, akan ɗauke ta ne kamar sauran sautuka: kiran kwandasta a tashar Kawo, cinikin tumatir, yara suna 'yar gala-gala a lungu.

Ina so in gwada. Da me zan fara?

Da wayar da ke hannunka. Nemi manhajar ɗaukar sauti mai ajiyewa a tsarin WAV, don MP3 matse sauti yake yi ya zubar da wani ɓangare, idan ka zo ja da miƙewa sai ɓarakar ta fito. Minti ɗaya na WAV mai kunne biyu yakan ci wajen megabait 10, saboda haka share hotunan biki tukuna. Sa wayar a yanayin jirgin sama kada kira ya katse ka. A kashe abin rage hayaniya in manhajar tana da shi, don hayaniyar muka fito nema. Lokacin hunturu a sa wa bakin makirfo safa mai kauri, in ba haka ba iska kaɗai za ka kwaso.

A kwamfuta, Audacity kyauta ce kuma ta isa yanka da juyawa da rage gudu. FL Studio da kusan kowane sitidiyon garin nan ke amfani da ita tana yin wannan aiki sarai, mutane ne dai ba sa leƙa ɗakunanta na ciki. VCV Rack ita ma kyauta ce, ga mai son haɗa wayoyi ya ƙirƙiro sauti daga babu. Wanda ba shi da kwamfuta ya fara da BandLab a waya.

Abu ɗaya da nake so kowa ya mallaka shi ne makirfon liƙawa. Wani ɗan faifan tagulla ne kamar kwabo, ana ce masa fiyezo, yana cikin kayan wasan yara masu ƙara da ƙananan agogunan ƙararrawa, masu sayar da kayan gyaran rediyo ma suna da shi. Mai gyara zai liƙa masa waya biyu da dalma cikin minti biyar. Shi ba ya jin iska, jijjigar jikin abu yake ji. Manna shi a jikin tankin ruwa, ko ƙofar ƙarfe, ko wayar shanya, ka ɗan ƙwanƙwasa. Ranar da na fara manna shi a tankin gidanmu ana zuba ruwa, na fi awa a tsugune, har Umma ta aiko a duba ko lafiya. Makaɗan ƙungiyar Konono ta Kinshasa ma da maganaɗisun tsofaffin motoci suka ƙera makirfonsu, kuma da wannan ƙarar mai tsatsa suka zaga duniya.

Yaya ƙarar ƙarfe ke zama kiɗa?

Ɗauki bugun guduma ɗaya. In ka rage gudunsa da rabi, tsawonsa zai ninka, muryarsa kuma ta yi kauri, kamar yaro ya wayi gari da muryar ƙato. Sake ragewa, sai guduma ta koma tambari. Juya shi baibai, sai ya zama kamar abu ne ke tahowa daga nesa ya tsaya cak a gabanka. Yanke kan bugun ka bar jelarsa kawai, ka ja ta ta yi tsawo, ga shimfiɗarka ta samu. Daga nan sai tacewa: a rage siraran sautuka a bar masu kauri, ko akasin haka. Sai amsa-kuwwa, wadda ke gaya wa kunne girman ɗakin da abin ke faruwa, ko shago ne ko cikin masaƙar da babu kowa.

Duk wannan yaro zai koya a mako guda. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin abin da za a cire. Sabon shiga yakan tara sauti ashirin a wuri ɗaya, kamar mai miyar da ta ga kayan ƙamshi a araha. Ayyukana da na fi so ba su wuce sauti huɗu ko biyar ba.

Da wannan wutar tamu?

Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan ɗaya, shi ne gunjin da kake ji a sifika idan waya ba ta zauna daidai ba, ko a jikin taransifoma da dare. Masu waƙar biki suna biyana in kashe shi. Ni kuma da dare nakan ɗauke shi in yi shimfiɗa da shi. Ƙaramin janareto ya fi ban sha'awa, don ba ya tsayawa wuri ɗaya: maƙwabci ya kunna firij sai muryarsa ta sauka, ya kashe ta hau.

In tsabta kake so, cire cajar kwamfuta ka ɗauka da batir, yawancin gunjin zai tafi. Ka kuma riƙa adana aiki kowane ɗan lokaci. Na taɓa rasa aikin dare uku a ɗauke wuta ɗaya, batirin kuwa ya riga ya mutu tun bara ina ta cewa gobe zan saya.

Na kunna a wayata ban ji komai ba sai shuuu. Me ya faru?

Sifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri, rabin kiɗan kuwa a can ƙasa yake. Kunnen mutum yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan, wayar kuma ta yar da na ƙasan gaba ɗaya. Sa iyafis mai kyau, ka ba shi minti goma ba tare da kana latsa waya ba. Kada ka ƙure ƙara. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na tsawon awa takwas, abin da ya haura haka lokacinsa raguwa yake yi da sauri, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa da sai an ɗaga murya suke ji sun ishe mu shaida.

Ba a tsare ka idan kana yawo da na'ura a gari?

An taɓa. Wani dare na tsaya kusa da layin dogo da iyafis a kunne da waya a miƙe, 'yan ƙato-da-gora suka zagaye ni. Ban ga laifinsu ba, garin da ya ga abin da ya gani dole ya tambayi mai tsayuwa a duhu. Sai da na kunna musu kukan kwaɗin da na ɗauka, babbansu ya ce, "Malam, kwaɗi ka fito nema da tsakar daren nan?" Aka yi dariya, aka raka ni bakin titi.

Tun daga ranar nake bin ƙa'ida. Ba na zuwa kusa da bariki, ko shingen jami'an tsaro, ko tashar jirgi, ko matatar mai. A kasuwa nakan fara da shugaban layin. Ba na ɗaukar hirar mutane a ɓoye. In dare nake so, ina tafiya da ɗan unguwar. Wurin da ya fi min sauƙi shi ne bakin kogi ta wajen Gamji da sassafe, kafin gari ya tashi.

Ana samun kuɗi?

Kaɗan ƙwarai. Spotify, dandalin sauraren kiɗa a intanet da ya shigo Najeriya a 2021, yana ƙirga saurare ɗaya ne da zarar an wuce sakan 30, saboda haka aikina mai minti ashirin da waƙar minti uku kuɗinsu ɗaya, ga shi masu sauraren nawa ba su cika motar haya ba. Bandcamp ya fi dacewa da irinmu, don a can mutum sayen aikin yake yi kai tsaye. Inda na ga ƙofa a nan gida shi ne fim da wasan kwaikwayon rediyo. Duk fitowar da ake son gaban mai kallo ya faɗi, dare a daji, gidan da ba kowa, mafarki, irin wannan sauti take nema, kuma masu shirya finafinanmu sun gaji da kwaso na finafinan waje. Sau biyu ana sayen sautin tankin ruwan gidanmu a matsayin kogon aljanu.

Akwai masu yi a Afirka yanzu da zan nema in ji?

Akwai, gabashin Afirka ma ya yi mana nisa. A Yuganda an fara bikin Nyege Nyege a garin Jinja a 2015, masu shi kuma suna da kamfanin faifai a Kampala da ke fitar da irin kiɗan da babu gidan rediyon da zai taɓa. A can za ka ji Nihiloxica, masu haɗa gangunan Buganda da na'ura, makaɗan kuma suna kan dandali da kansu, ba a kwaso su daga kaset ba. A Kenya akwai KMRU, wanda ke gina kiɗan yanayi da sautukan da ya ɗauka a titi. A gida kuma akwai Emeka Ogboh, da ya mayar da hayaniyar Legas da kiran kwandastocin danfo aikin da ake kunnawa a manyan gidajen baje kolin fasaha na Turai. Shi ya fi ba ni haushi mai amfani, don duk abin da Legas ke da shi na ƙara, Kasuwar Barci da Panteka da tashar Kawo suna da irin nasu.

Za ka zo ka yi mana a bikin ƙanwata?

Zan zo da fiyano in yi muku na rawa har a gaji. Wancan kam a'a, na gwada sau ɗaya. A bikin wani abokina dije ya ba ni minti biyar, na sa aikin Panteka. Mata suna tsakiyar fili da kuɗin liƙi a hannu, suka tsaya suna jiran ganga ta shigo. Minti ɗaya, minti biyu. Sai wata gwaggon amarya ta taso har inda muke, ta dafa kafaɗar dije ta ce, "Ɗana, in janareton ne ku kashe shi ya huce, ma jira."